Ranar da Muka Ɓoye Rijiyarmu

Ranar wata Alhamis ce, cikin bazarar shekarar da motoci suka bar hannun hagu suka koma hannun dama, mutanen unguwarmu a Kankia suka taru da hantsi suka binne rijiyarsu da hannunsu. Kada wani ya ce mahaukata ne, don a cikinsu har da liman da ladan da wani tsoho da ya je Makka a ƙasa ya dawo. Ni kuma ina tsaye a gefe, ɗan aji uku a firamare ana cikin hutu, rungume da kwandon kashin awaki, wanda shi ne muƙamin da aka ba ni a wannan babban aiki. Majiya ƙarfi suka jera azara a bakin rijiyar, suka shimfiɗa zana a kai, aka zuba ƙasa aka daɓe. Aka ciccibi kututturan bakin rijiyar, waɗanda igiyar guga ta yi wa zane tun zamanin kakanni, da komin da shanu ke shan ruwa, aka kai bayan masallaci aka lulluɓe da kara. Sannan aka kafa turaku aka ɗaure awakin Mai'unguwa a wurin. Mai'unguwa ya ja da baya, ya karkata hula, ya duba, ya ce wurin ya cika sabunta, ko makaho ya taka zai gane jiya-jiya aka yi shi. Nan aikinmu ya taso. Muka watsa kashin awaki da ƙaiƙayi da tsohon harawa, aka ce mu yi ta langa a kai har wurin ya tsufa. Ban taɓa ganin ranar da manya suka roƙe mu mu yi wasa ba sai ranar.

Rijiyar nan 'Yar Tsamiya ake ce mata, saboda tana gindin wata ƙatuwar tsamiya da ke tsakiyar unguwa. Ruwanta garai-garai, ba gishiri ba kanwa, har daga wasu unguwanni akan aiko a ɗebi na dama fura in an yi baƙo. Tsofaffi sun ce ko a yunwar da iyayensu suka gani ba ta ƙafe ba, ta dai ja ƙasa har sai da aka ƙulla igiya biyu. Duk shekara kafin ruwa ya sauka akan yi gayyar yashe ta: kowane gida ya ba da namiji ɗaya da ƙwaryar fura, a zura mutum da igiya a ƙugu ya yi ta ciko laka, mu yara muna tsugune muna jiran abin da zai fito. Guga nawa ne, zobe, tsohon kwano, wata shekara har da carbin ladan wanda ya daɗe yana zargin yaranshi da sacewa. Akwai tarwaɗa guda biyu a ciki da ba mai taɓa su, an ce su ke cinye ƙwari. Kafin a kaɗa ƙarfen makaranta na cika randunan gidanmu uku, na shayar da jakinmu, na wanke ƙafa a nan bakin komi, na ruga. Ban taɓa makara saboda ruwa ba. Saboda ƙwallon tsumma dai na sha makara, wannan kuwa bayana ne shaida.

Wanda ya jawo mamu wannan dabara Tanimu masinja ne, maƙwabcinmu, mai kai takardu tsakanin ofisoshi a kan keke. Shi ne idonmu da kunnenmu a wajen hukuma, duk da cewa iyakarshi bakin ƙofa. Ya zo ya tsegunta wa Mai'unguwa cewa za a ja famfo cikin gari, amma bututun ba zai ishi kowa ba, don haka za a turo mai dubawa, duk unguwar da aka iske tana da rijiya mai kyau a bar ta sai wani jiƙon. Ko haka aka faɗa, ko rabin zancen ya jiyo ta taga, Allah kaɗai ya sani. Abin da ya tsaya wa dattawanmu a rai shi ne a ce unguwar mahauta, waɗanda rijiyarsu ke warin jini, sun sami famfo mu ba mu samu ba. Aka kwana biyu ana shawara a zauren Mai'unguwa. Babana yana cikin waɗanda suka ɗan ja, ya ce ruwan da bai taɓa yi mamu laifi ba ina dalilin rufe mashi fuska. Aka ce mashi ai na kwana kaɗan ne, ana kafa famfo za a buɗe, a zama masu ruwa biyu. Ya haƙura. Azara biyu daga cikin waɗanda aka jera ma daga rumfarmu aka zaro su.

Mai dubawar ya zo da gajeren wando da doguwar safa, mutum mai fara'a. Rana ta take, inuwa kuwa babu kamar ta tsamiyar nan, sai ya nufe ta kai tsaye ya ce a shimfiɗa mashi tabarma a nan. Aka matsar da awaki, aka shimfiɗa, ya zauna daidai kan bakin rijiyar ya miƙe ƙafa. Mu da muka san abin da ke ƙarƙashinshi muka daina numfashi. Duk sanda ya gyara zama sai Mai'unguwa ya runtse ido ya motsa leɓe. Aka kawo fura ya sha ya yaba, ya ce wannan da wane ruwa aka dama ta, liman ya ji tari ya kama shi, ya ɗauki buta ya zaga. Da ya tambaya ko akwai rijiya a unguwar, Mai'unguwa bai yarda ya yi ƙarya da bakinshi ba, don mutum ne mai tsoron Allah. Ya buɗe hannuwa kawai ya ce, "Ranka ya daɗe, ga ka, ga wuri." Baƙon ya duba dama ya duba hagu, ya ga awaki, ya ga yara da busassun ƙafafu, ya girgiza kai don tausayi. Da ya tafi aka yi ta yi wa juna barka kamar an ci yaƙi.

Famfo kuwa ya zo. Aka kafa shi a bakin hanya, da kai na tagulla da dakalin siminti, ruwa na zuwa daga wani tanki da inji ke cikawa a bayan gari. Ranar da ya fara zuba mata suka yi guɗa, tsofaffi suka zo suna murɗa shi suna rufewa kamar yara, mu kuma muka kafa baki a jikinshi har ciki ya yi ƙwal. Ba zan yi mashi butulci ba, famfon nan mutane sun ji daɗinshi. Tafin hannun iyayenmu mata da igiya ta sa ya yi kanta ya dawo da laushinshi. Sai maganar buɗe 'Yar Tsamiya ta zama ta gobe. Da fari aka ce a bari kada mai gajeren wando ya biyo ya gani. Daga baya aka ce a bari damina ta wuce. Igiyoyin guga suka koma ɗaurin awaki, gugan fata suka bushe ɓeraye suka cinye, gayyar yasa ta wuce ba wanda ya tuna da ita sai babana, shi ma a gida ya faɗa, ba a zaure ba. Cikin damina wurin awakin ya ɗan lotsa, Mai'unguwa ya sa aka kwance su aka ƙara ƙasa. Ba wanda ya ce uffan game da tarwaɗar nan biyu, ni dai na yi ta tunaninsu cikin duhu.

A shekarar da ta biyo, wadda aka karɓe fam da sule aka ba mu naira, ina aji huɗu, kuma makaranta ta shige mani rai. Malam Isiyaku ne malaminmu, dogo siriri, mai alli a bayan kunne. Yana da wata taswira a bango wadda gara ta cinye mata wata ƙasa guda, in ya zo wurin sai ya ce mutanen nan sai dai mu yi masu addu'a. Ni ne na biyu a ajin in an ƙirgo daga sama, kuma duk waɗanda za su iya ƙaryata ni sun riga mu gidan gaskiya. Burina a lokacin in zama malamin gona, saboda na ga ɗaya yana yawo a kan babur yana gaya wa tsofaffi yadda ake shuka, suna ce mashi ranka ya daɗe. Na ga ba aikin da ya fi wannan daɗi a duniya. Malam Isiyaku ya ce hanyar babur ɗin nan ta cikin aji biyar ta bi, kuma ba a shiga aji biyar sai an zauna jarrabawar ƙarshen shekara.

A wannan shekarar ce ruwan sama ya ƙi. Gero ya fito ya tsaya iya gwiwa ya yi fari, dawa ta yi kai ba ido. Abin da muka girbe a gonarmu ta hanyar Kafinsoli jakinmu ya kwaso shi bai ko yi nishi ba. Ana gama kaka maza suka fara ɗaure kaya suna tafiya cin rani, babana a cikinsu, ya bar mani jaki da gida da Inna da tsohon ciki. Bai yi nisa ba famfo ya fara tari. Ka murɗa ya yi gurnani ya tofo ja-ja, ya yi shiru. Aka ce injin ne ya lalace, ƙarfen da za a sa sai an kawo daga nesa. Mata suka jera tuluna daga dakalin siminti har kwanar masallaci, kowace ta san wurinta, a wuni a kwana ba ɗigo. Tulunan nan sun daɗe a jere har kaji suka fara ƙwai a cikin wasu.

Sai aka tuna da 'Yar Tsamiya. Tsofaffin da suka rage suka fito da fartanya da sangwami suka fara tono, mu muna kwashe ƙasa. Ba a yi nisa ba fartanya ta zurma. Gara ta cinye azarar tas, daɓen da zanar da kashin awakin da na watsa da hannuna duk sun rufta ciki, ruwan damina ya bi ta ramin ya zaizaye bangon, rijiyar ta haɗiye kanta. Abin da muka tarar wani rami ne mai faɗi cike da ƙasa da wari. Aka zura wani dattijo da igiya, bai ciko kwando nawa ba bango ya fara zubo mashi a ka, aka jawo shi yana salati. Masu ƙarfin da za su iya aikin suna can wasu garuruwa suna dako. Akwai ma'aikatan hukuma masu gyaran rijiya da siminti, aka ce Mai'unguwa ya je ya roƙa. Ya sa babbar riga ya tafi. Yana shiga ya iske mai gajeren wandon nan ne a kan kujera, ya tashi da murna ya tarbe shi, ya tambayi awaki, ya tambayi mai dama furar nan. Mai'unguwa ya gaishe shi, ya sake gaishe shi, ya tambayi iyali, ya yi mashi addu'a, ya taso ya dawo gida. Da dattawa suka tare shi a zaure ya ce bakinshi ya ƙi buɗuwa. Ba wanda ya zarge shi, don ba wanda ya ce shi zai je.

Cikin wannan hali Inna ta haihu, mace, aka sa mata Rabi. Yayar babana, Goggo Hajo, ta taso daga Bauranya ta ƙasar Kusada don ta yi mata wankan jego. Yaran yanzu ba su san nauyin abin nan ba. Kwana arba'in mai jego na wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma, ƙatuwar tukunya cike, ana tsoma ganyen bedi, wanda Kanawa ke ce wa darbejiya, ana fyaɗa mata a jiki, ta sha kunun kanwa, ta kwanta a gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi. Kowa ya yarda cewa macen da ta yi wasa da wankan nan sanyi zai shige ta, ta kumbura, ta bar jariri maraya. Goggo Hajo kuwa ba a taɓa jin mai jego ta lalace a hannunta ba, kuma ba ta zo Kankia don a fara daga kanta ba. Ta zaga gidan, ta leƙa randuna, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai ne namijin gidan? To, Allah ya rufa asiri."

Ruwa a lokacin sai a wata ƙorama ta wajen hanyar Sukuntuni, wadda ta bushe sai yashi. Mutane sun tona ramuka a cikin yashin, ruwa na tsattsafowa a hankali kamar ana roƙonshi, ka tsuguna da ƙoƙo ka jira ya taru, ka kwasa, ka sake jira. Wanda bai je da sassafe ba sai ya iske shanu sun dama shi. Ana sallame asuba nake ɗora wa jaki mangala da tuluna biyu, in ɗauki garwa a ka, mu kama hanya cikin sanyi. Kafin layi ya zo kaina in cika in dawo rana ta yi tsaka, in sauke, in sha kunu, in koma don na yamma. Kwanakin farko ina cewa gobe zan je makaranta. Malam Isiyaku ya turo manyan 'yan aji bakwai su kamo ni, kamar yadda ake yi wa masu gudun makaranta, suka zo suka iske ba ni nan, Goggo ta ba su kunun kanwa suka sha suka koma. Daga baya ma biyu daga cikinsu a bakin ramin yashi muke haɗuwa da su.

Rannan da la'asar Malam da kanshi ya zo ya yi sallama a zaure. Goggo ta fito ta tsaya daga bakin ƙofa, ni ina sauke tuluna ina ji. Ya yi mata bayani a tsanake cewa jarrabawa ta matso, ba ta wuce kwana uku a yi a gama ba, yaron nan kuma yana da kai, in ya zauna zai wuce ko bai yi bita ba, in bai zauna ba sai ya maimaita aji da ƙannenshi. Ya roƙa a nemi wani ya riƙe ɗibar ruwan na kwanakin nan. Goggo ta tambaye shi wa, ta lissafa mashi gidajen unguwar ɗaya bayan ɗaya, kowane da tsohuwa da jarirai da yaro guda mai zuwa ƙorama. Sannan ta ce, "Malam, mi kake so in ce wa ubanshi in ya dawo ya iske ɗaki ba kowa? In ce mashi yaro ya ci jarrabawa?" Malam ya cire allin da ke bayan kunnenshi ya duba, ya mayar, ya yi sallama ya tafi.

Inna na ɗaki tana jin komai, amma ba ta da bakin magana, saboda ni ɗan fari ne. A al'adarmu uwa ba ta kama sunan ɗan farinta, ba ta yi mashi magana ido da ido a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi ko zazzaɓi yake. Sunana Lawal, amma ban taɓa jin shi a bakinta ba. In tana son in ci abinci sai ta ce wa kaza ta matsa daga kwanon mutane. Ta tsaya gaban yayar miji ta ce a tausaya wa ɗanta, wannan rashin kunya ne da za a kai labarinshi har Kusada. Abin da na lura kawai, bayan zuwan Malam sai ta ce ta warware, ita za ta riƙa shiga makewayi ta yi wankanta da kanta, Goggo ta huta ta riƙe jaririya. Goggo ta yaba da ƙoƙarinta. Ashe rabin ruwan Inna take wanka da shi. Sauran ta bari ya huce, ta ɗura a tsofaffin tuluna, ta tura ƙarƙashin gadon karan da ke ƙuryar ɗaki ta rufe da faifai. Kullum kaɗan, safe da yamma, tana tara mani kwana uku.

Ana gobe jarrabawa, da yamma, ina ɗaure jaki, Inna ta fito ƙofar ɗaki tana kallon wata akuya da ke cin ƙaiƙayi, ta ce da ita, "A gaya wa mai ɗibar ruwan nan gobe ya sa rigarshi ta makaranta. Akwai ruwa." Akuyar ba ta ce komai ba. Ni kuwa na shiga na jawo rigar daga cikin adudu, na yayyafa mata ruwan da ya rage a garwa, na shimfiɗa ta ƙarƙashin tabarma don ta miƙe.

Da safe na sa riga, na soka fensir a aljihu, na zo tsakar gida, sai Goggo ta kira ni daga ɗakin Inna. Tulun ƙasa yana gumi, danshi ya bi daɓen ɗakin ya fito fili, ta bi shi ta jawo tulunan duka ta jera su a tsakar ɗaki. Na ɗauka faɗa za ta yi, ba ta yi ba. Inna na zaune bakin gado ta juya fuska ga bango. Goggo ta durƙusa ta ɗan ɗage mata zane daga ƙafa, ta ce in matso. Ƙafafun sun yi suntum, suna sheƙi, idon sawu ya ɓace. Ta danna babban yatsanta a kai ta ɗauke, ramin ya tsaya bai ciko ba. Muka tsaya muna kallonshi ni da ita. Ta ce, a hankali, "Ga abin da ta saya maka. In za ka tahi, tahi." Ta ce daga yau wanka uku za a riƙa yi don a rama, kuma ruwan da ya kwana ya yi sanyi ba ya jego, sai sabo.

Ba wanda ya cire mani rigar nan, ni na cire ta. Na ninke na ajiye a kan adudu, na ɗora wa jaki mangala. Muna kan hanyar ƙorama na ji an kaɗa ƙarfen makaranta, iska ta kawo shi sarai kamar a bayan kunnena. Jakin ya tsaya, don ya saba in an kaɗa ina sakin shi in ruga. Na ce mashi mu je.

Inna ta yi arba'in, kumburin ya saɓe, Goggo ta koma Bauranya da sunanta bai ɓaci ba. Makaranta kuma ba kora ta aka yi ba, kada in ɗora wa Malam Isiyaku abin da bai yi ba, har sau biyu ya aiko in dawo in maimaita. Amma famfo bai dawo ba sai bayan damina ta gaba, kuma kafin nan gidajen da ba su da yaro sun fara ba ni tiyar dawa in kawo masu ruwa, dawar nan kuwa ita muke ci. Babana ya dawo daga cin rani da tari da tabarmarshi. Na ce in an yi shuka zan koma, na ce in an yi girbi. Yadda aka yi da buɗe 'Yar Tsamiya haka aka yi da komawata. Rabi ce ta yi karatun, har ta koyar a makarantar da na bari, nakan ce mata rabona ta haɗa da nata, ta biya ni. 'Yarta da ke aikin asibiti ta gaya mani wai yanzu an gano yawan kanwa da zafin nan su ke kumbura masu jego, ba ƙarancin wanka ba. Na ce mata ni ban kai ajin da ake koyar da wannan ba. Na yi dariya a gabanta, amma ranar ban iya cin tuwo ba. Inna ta rayu har ta ga 'ya'yan jikoki, ba ta taɓa tayar da zancen ba, ba ta kuma taɓa kiran sunana ba. Rigar dai tana cikin kayanta har ta rasu.

Yau Kankia ta zama gari. Ga asibiti, ga makarantu har na kuɗi, ga kwalta, ga wutar lantarki da ke leƙo mu jefi-jefi ta ga ko muna nan. Tankunan ruwa a sama kamar rumbuna, kowane da sunan wanda ya gina da manyan baƙaƙe, wasu har da faifan hasken rana, sai dai da yawansu in ka ƙwanƙwasa sai su amsa maka kamar ganga. Masu kura na turo jarkoki lungu-lungu, mai hali ya saya, marar hali ya tura yaro. An sare tsamiyar nan. A inda rijiyar take wani yaro ya gina shagon cajin waya, duk damina daɓenshi sai ya lotsa, ya yi ta zagin magini. Ban gaya mashi ba, ina jin daɗin zagin.

Abin da ya rage wa unguwarmu mai aiki famfon tuƙa-tuƙa ne guda ɗaya a bayan masallaci. Kwanan baya samari suka yi taro a ƙofar gidana, wai sun ji za a zo duba unguwannin da ba su da ruwa don a haƙa masu babbar burtsatse, sai wani mai wayo a cikinsu, jikan Tanimu masinja ne kuwa, ya kawo shawara a kwance hannun famfon a ɓoye na kwana biyu. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Da na samu numfashi na ba su labarin nan tun daga kashin awaki. Suka saurara da ladabi, suka ce Baba ai wancan zamanin jahilci ne, su da sifana za su kwance, su mayar. Ban yi gardama ba, ilimina bai kai nasu ba. Na dai ɗauki tabarmata da carbina na koma gindin famfon, can nake wuni yanzu, wanda zai kwance shi sai ya fara ɗaga ni. Masu dubawar har yau ba su zo ba. Da safe nakan ga yara cikin kayan makaranta a layi da jarkoki, suna waiwayen hanya, ƙarfe na kaɗawa. Wanda na ga ya fi waiwaye sai in karɓi jarkarshi in ce ya ruga, in tuƙa mashi da abin da ya rage a kafaɗata, uwarshi ta aiko a ɗauka. Har yanzu in an kaɗa ƙarfen nan ƙafata takan motsa.